Maganin da Aka Ɓoye Sunan Mai Shi

Tunda ka ce abin da aka saki kyauta a intanet ba shi da mai shi, zauna ka ji, don ni maganar nan tsoro take ba ni.

An yi wani tsoho mai maganin saran maciji a wani ƙauye bakin fadama. Ba shi da rowa. Ran kasuwa yakan baje saiwoyinsa a tabarma, ya nuna wa kowa yadda ake haɗawa, ya ce a ɗauka, a koyar, mai son sayarwa ma ya sayar. Sharaɗinsa biyu ne: duk inda maganin ya je a faɗi daga wurin wa ya fito, wanda kuma ya ƙara ko ya rage ya ce shi ya canza. Wani ɗan koli ya koya, ya kai garinsu, ya ga ambaton tsoho zai rage masa kwarjini, sai ya ce gadon kakansa ne. Da wata saiwa ta yi wuyar samu, ya musanya ta da mai kama da ita, ya yi gum. Sunansa ya kai ƙauyukan nesa.

Ran nan da hantsi aka kawo wa ɗan kolin wata mata a amalanken shanu, kububuwa ta sare ta wajen roron gyaɗa. Ƙafa ta kumbura kamar turmi, jini na tsattsafowa daga dasashinta. Ya jiƙa ƙulli ɗaya, ya ƙara na biyu, shiru. Mijin ya riƙe masa riga ya ce, "Malam, ba gadonku ba ne? A yi mata na gaba mana." Babu na gaba. Abin da ya gani a tabarma kaɗai ya sani. Da ƙyar ya buɗe baki ya faɗi sunan tsohon da ƙauyensa. Mijin ya saki rigar ya dafe kai. Ta ƙofar gidan tsohon nan suka wuto da sassafe, lokacin matar tana magana da bakinta, amma ba wanda ya taɓa gaya musu can maganin ya fito. Suka juya shanu da sauri. Ba su kai fadamar da ita da rai ba.

Sunan da kake gogewa shi ne hanyar komawa wurin mai abin ranar da naka sanin ya ƙare. Hausawa sun riga sun faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.