Maraƙin Tabkin Keita

An riga an kayar da bijimin, Gali na danne da wuyansa yana shafa masa goshi. Shi ya ciro shi daga lakar tabkin Keita yana ɗan maraƙi, shekarar da Nasara suka tafi. Da nonon akuya ya raine shi, har karan da zai yi danga da shi ya ba shi ya ci. Yau ya kira amininsa Manu, makiyayi, ya dandaƙe masa shi ya zama takarkari.

Manu ya ɗaga guduma, sai ya ajiye. Ya yafito dattawa biyun da ya zo da su, ya juya kunnen san, ya nuna musu wata tsohuwar tsaga.

"Shaidar garkenmu ce. Ba ni bari a dandaƙe bijimin gidanmu."

Dattawan suka duba, suka gyaɗa kai.

Gali ya miƙe. "Manu, kullum kana gidan ga, akushinmu ɗaya. Sai yau ka gane shi?"

Manu ya kwance igiyar, bai ɗago ido ba.

"Tun ranar da ka shigo da shi na gane shi. Lokacin ba ni da ciyawa."