Kujerar da Ta Ci Mota

Da ma'aikaciyar jirgi ta danna maɓalli kujerar ta zama gado, sai Inna ta zabura.

"Ni in miƙe a gaban mazan mutane? Allah ya kiyaye!"

"Inna, motata fa na sayar na biya miki kuɗin kujerar nan saboda ciwon bayanki," in ji ɗanta. "Tafiyar awa goma ce."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta wuce can baya wurin jikokinta, ta tayar da wani ƙato daga kujerarsa, ta zauna.

Ƙaton ya koma gaba kan kujerar Inna, ya ci, ya sha, ya yi ta minshari har aka sauka. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗar ɗan.

"Na gode, malam. Amma gaskiya matashin kan ya yi tauri."