Maratayin Lema

Ranar da Malama za ta yi ritaya, ana ruwa a birnin Osaka na Japan, sabuwar kwamfuta ta fitar da siffar furotin ɗin nan, sinadarin jiki da Malama ta shekara talatin tana lissafin yadda yake naɗewa. Minti goma kacal. Yau za ta san ko a banza ta tsufa.

"Dattijo, ɗauko min abin nan na bakin ƙofa." Haka take kirana tun da na shigo ajinta ina da shekara arba'in.

Na ɗauko siffar furotin ɗin da ta lanƙwasa da siririn ƙarfe tun tana budurwa. Manyan masana sun yi mata dariya, mu kuma muka mai da ita maratayin lema.

Ta kara ta da hoton da kwamfutar ta fitar. Komai ya dace, har reshen ƙarshe.

Ta ajiye koren shayinta, ta nuna reshen da yatsa.

"Wannan reshen ai sama na ɗaga shi. Wa ya gyara min?"

"Nauyin lemominmu, Malama. Damina talatin."

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta rataya lemarta a kai.