Awarwaron Sallau

Tun da aka kafa dokar awarwaro, babu matuƙin da ke wuce awa shida a farke a tseren teku. Lokacinka na cika, awarwaron zai ciji hannunka, barci ya kwashe ka. In ka cire shi, an kori jirginku.

Kwana arba'in da ɗaya ke nan Sallau, ɗan Sarkawa masuntan Yauri, yana tuƙi. Yau ga gaɓa har ana hango tutoci, jirgi ɗaya ne a gabansu, shi kuma minti tara suka rage masa.

"Kawo sitiyarin, Sallau," in ji Kyaftin Talatu. "Kada ka faɗa mana ruwa."

"Yaya, ruwan dama ya fi gudu, dubi launinsa. Ɗaure ni kawai."

Ta harare shi, ta jawo igiya ta tamke shi a tsaye. Ya karkata dama, zanen jirgin ya cika da iska. Suna gifta na gaban, hannunsa ya ɗauki zafi.

Ya farka da kofin tseren a cinya.

"Wa ya ci?"

"Wani mai minshari," in ji Talatu, muryarta ta dishe.

Awarwaron kuwa ya riga ya soma sabon ƙirge.