Gonar Mahaifin Rahmatu

"Rahmatu, ki karɓi gonar, ki ba ni gero," in ji Baffa Dabo, yana durƙushe a zaurenta a Dawanau.

Shekarar yunwa ce, damina biyu a jere ruwa bai zauna a garinsu Bagwai ba. Gonar da yake magana a kai ta yayansa ce, mahaifin Rahmatu. Ranar rabon gado Dabo ya ce a gidansu mace ba ta cin gona, haka suka taras iyaye suna yi. Ya kore ta ita da uwarta. Uwar ta rasu a ɗakin aro. Rahmatu ta kama sayar da hatsi har Allah ya buɗa mata.

"Yara sun kwana biyu ba su ga tuwo ba," ya ƙara faɗa.

"Koma gida, Baffa. Gobe za ka ga saƙo."

Washegari motar hatsi ta tsaya a ƙofar gidansa. Ya fito da sauri ya leƙa bayanta. Babu buhu ko ɗaya. Rahmatu ta sauko ta kira matarsa.

"Inna Fadima, tattaro yara ku hau. A gidana akwai ɗaki, akwai tuwo safe da yamma."

Suka hau, babu wanda ya dubi Dabo.

"Ni fa? Gonar fa?"

"Ba na sayen abin da yake nawa, Baffa. Tunda ita ka zaɓa ka bar jininka, sai ta ciyar da kai."

Mota ta tashi, ta bar shi tsaye shi kaɗai.