Ranar da Bara'atu Ta Tunkuɗe Ni

A Gusau ana ta yaɗa cewa taubashiyata Bara'atu ta watsar da ƙarti goma a Nahuce, har ta ɗaga babur da hannu ɗaya. Ƙarya ce. Ƙaton ɗaya ne, kuma ni ne.

Yazid mai gyaran rediyo ya zo kan maganar aurenta, Kawu ya ce ba ya ba marar gona 'yarsa. Yazid ya hau tsohon babur ɗinsa, wanda ba ya tashi sai an tura. Ya dubi bakin zaure inda take tsaye, ya sunkuyar da kai.

Kawu ya ce mini, "Tura shi ya tafi."

Na dafa bayan babur ke nan sai na ji ni a ƙasa. Ba turewa ba ce wannan, tunkuɗewa ce, ta hannu biyu da zuciya ɗaya. Yarinyar da ba ta taɓa haɗa ido da ubanta ba ta durƙusa, riƙe da babur ɗin.

"Baba, in za a tura shi, sai dai da hannunka."

Kawu ya dube ta, ya juya ga Yazid. Ya ce, "Yaro, sauko. Ka iya riƙe fartanya?"

Na karkaɗe riga na ce, "Amarya, haka za ki riƙa yi wa ango?"

Ta harare ni. "Shi a kan ƙafafunsa yake tsaye, ba a kan bakinsa ba."