Tambayar Ranar Alhamis

Kezia ta ɗaura na'urar awon jini a damtsen Ya Kaltum, kamar kowace Alhamis. Jami'a ce ta fara turo ta unguwar Bolori, don binciken hawan jini da kaɗaici a tsakanin tsofaffi.

"Mama, da wa kika yi hira a makon nan?" Kullum da wannan tambayar take farawa.

Tsohuwar ta ƙara turaren wuta a kasko, ta turo mata kofin shayi.

"Maƙwabciyata ta ce tun kafin azumi malamanku suka rufe binciken nan. Duk unguwar ba gidan da ake zuwa yanzu sai nawa."

Hannun Kezia ya tsaya cak. Ta tuna ɗakinta na unguwar Wulari, kujera ɗaya, kwano ɗaya, da wayar da ba mai kira.

"Mama, ki yi haƙuri, ni dai..."

Ya Kaltum ta kwance na'urar da kanta, ta kama hannun Kezia.

"Jinina lafiya lau, 'yata. Ke fa, da wa kika yi hira a makon nan?"

Kezia ta sunkuyar da kai.

"Da ke, Mama. Alhamis ɗin da ta wuce."